Gwaggo Berta Ta Yi Ƙaura

Zuwa ga 'yata Noreen,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Minnesota? Na rubuto ne don kunnena ya daina shiri da waya.

Za su rufe Gwaggo Berta, tsohon tankin narkar da ƙazanta na garinmu. Hukumar gari ta ce daga bazara kashin masai zai riƙa bin bututu zuwa birni. Tun ba a haife ki ba nake ciyar da tankin nan, ƙwayoyin halittar da ke cikinta suna cin ƙazanta suna ba mu gas. Ko da na yi ritaya nakan leƙa ta. Yanzu za a kashe ɗuminta, su mutu. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ki gaida maigidanki Duane.
Babanki, Elroy

Baba,

Ina gaisuwa. Da fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Akwai abin da na ɓoye maka don na san bakinka. Sabon tankin gas da muka kafa a wurin aikina ya ƙi tashi. Na ɗura masa ragowar abincin kantuna da man suya, ya yi tsami, ko tusar gas babu. Injin lantarki yana zaune yana kallona.

Magani sai iri daga tanki mai rai, kamar yadda Mama take ɗiban tsohon ƙullu ta tayar da sabon burodi. Birni sun yi mini tayin irin nasu tankin, na ce a'a. Ka roƙar mini na Berta, kafin su kashe ta.

Taka,
Noreen

Noreen,

Sannu, sarkin gaggawa! Jariri aka ba ki, kika ɗura masa man suya? Haka kika yi wa kifin gwal ɗinki kina ƙarama.

Shugaban ma'aikatarmu ya yi dariya, ya ce a kwashe. Motocin tanka biyu za su taso da ita ranar Litinin, ina zaune a gaban ta farko, don ban yarda direba ya tsaya shan kofi ta huce a hanya ba. Ki riƙa ba ta abinci kaɗan-kaɗan, tsohuwa ce. Ba ta son sanyi, ba ta son a canza mata tsari.

Na ji daɗi ƙwarai, yarinya. Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Da fatan ka koma gida lafiya, wari ya fita daga rigarka.

Yau da safe Gwaggo Berta ta yi gyatsa. Wuta shuɗiya ta kama, inji ya tashi. Ma'aikata sun rubuta sunanta da fenti a jikin tankin.

Ɗakinka yana nan. Zo ka leƙa ta.

Noreen