Bokitan da Aka Samu a Wurin Dada Ba na Sata Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai,
na jami'ar da ke maƙwabtaka da unguwarmu, Bauchi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da dukan ma'aikatan ofishinka, zan fara da neman afuwa. Ni ba ɗalibar jami'arku ba ce. Ina aji biyu na babbar sakandare, kuma ban taɓa rubuta wa wani babba wasiƙa ba sai irin wadda ake ba mu a jarrabawa, wadda ba ta zuwa hannun kowa. Sau biyu na kawo wannan har bakin ƙofar ofishinka, na tsaya, na kasa ƙwanƙwasawa, na koma da ita gida. Shi ya sa na roƙi malamarmu ta Hausa ta taimaka a buga ta inda kowa zai gani. Idan hakan rashin kunya ne, a yafe mini. Ummata ba ta koya mini haka ba.

Maganar a kan Dada ce, tsohuwar da ta daɗe tana kwana a barandar tsohon ɗakin injin ruwa, bayan masaukin ɗalibai mata, wadda masu gadi suka fitar a hutun da ya wuce bisa zargin sata. Ina wurin ranar. Dada ba ta saci komai ba, kuma ina roƙon ka daure ka karanta yadda na sani.

Na farko, wace ce ita.

Ummata tana toya masa a ƙaramar ƙofar jami'a. Tun ina firamare ni ke kai wa ɗalibai mata nasu da safe kafin in wuce makaranta, kuma kullum Umma takan ware guda huɗu ta ce na Dada ne. Ba wanda ya san sunanta na yanka. Tana kiran kowa "ɓingel am", wato ɗana ko 'yata da Fulatanci, sai ɗalibai suka rama mata da Dada, wato uwa. Ba ta bara. Ba ta da taɓin hankali, ko da yake wasu sun ɗauka haka saboda takan zauna ta ƙura wa fili ido tana murmushi.

Ni na san abin da take kallo, domin ta faɗa mini. Ta ce lokacin da take yarinya, kafin a sa tubali ko ɗaya, a nan suke yin damina da shanunsu. Inda laburare yake, nan ake ɗaure maruƙa. Inda babban ɗakin lacca yake, wani tafki ne mai bado, a nan ta fara ganin fuskarta a ruwa. Shanu sun ƙare, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, sai ƙafarta ta dawo da ita wurin da ta san bayan wane dutse rana ke fitowa. Ban sani ba ko takardunku sun nuna haka. Abin da ta faɗa mini ke nan.

Tun daga lokacin, idan na shigo da safe a damina, gajimare ya sauko kan duwatsu, ciyawa ta jiƙe da raɓa, sai in riƙa ganin kamar shanun suna nan. Suna tafiya a hankali a tsakanin ɗalibai masu rungume da littattafai, ba wanda ke ture wani. Nakan ga kaina ma na girma, na sa farar rigar masu karatun kimiyya, na fito daga laburare, Dada tana zaune tana tambayata me aka koya mana yau a wurin ɗaure maruƙa. Na makara makaranta fiye da sau ɗaya saboda wannan tsayuwar, an kuma yi mini bulala a kai.

Na biyu, yadda bokitan suka zo hannunta.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa idan an yi hutu ana rufe masauki, a ce kowa ya kwashe kayansa. Yarinyar da za ta shiga mota mai nisa ba ta iya ɗaukar bokiti da baho da risho da tukunya ban da jakarta. Shi ya sa tun kafin in san wurin, ɗalibai mata suke kai wa Dada ajiya. Ranar tafiya za ka gan su a jere a gabanta, wannan da bokiti, waccan da risho. Ba takarda, ba sa hannu. Dada ba ta karatu, ko an rubuta suna a jikin bokiti bai amfane ta da komai ba. Sai ta yagi ɗan ƙyalle, ta ɗaura a mariƙin, kowane da irin ƙullinsa, ta dubi fuskar mai shi sosai, shi ke nan.

Kuma takan raɗa wa bokitan sunayen shanu. Jan bokiti Woɗe, baƙi Ɓale, mai farin tabo a gefe Wule. Da yamma takan bi su ɗaya bayan ɗaya tana taɓawa, ta jawo su cikin baranda kada ruwa ya doke su, kada rana ta cinye robar. Ɗalibai sukan tsokane ta su ce Dada, garkenki ya yi ƙiba bana. Ita kuma ta ce ai garken nan ba ya ba da nono, sai surutu. Lokacin dogon yajin aiki, da jami'a ta yi shiru wata da watanni har ciyawa ta rufe hanyoyi, ba ta matsa daga wurin ba. Da aka dawo, kowace ta sami kayanta, har da murfi. Abin da take samu shi ne wanda ya dawo daga gida ya kawo mata ɗan tsaraba, zane ko gari ko man shafawa. Wanda bai kawo ba ma ta ba shi nasa.

Tsofaffin masu gadi sun san da wannan. Baba Sale, da ya daɗe a ƙofar masauki, shi da kansa yakan taya ta jawo kayan idan hadari ya haɗu. Amma ya yi ritaya, aka kawo sababbi masu sabon kaki, kuma da alama ba wanda ya gaya musu.

Na uku, abin da ya faru.

Safiyar wata Laraba ce, a mako na biyu na hutu. An yi ruwa da asuba. Na kawo wa Dada masarta, sai na tarar da a-kori-kura a tsaye da masu gadi huɗu. Shugabansu ya tambaye ta inda ta sami bokitai talatin da wani abu, da rishuna, ita da ba ta da ko ɗaki. Ta ce na yaranta ne. Ya ce ta faɗi sunayen yaran. Sai ta fara: Woɗe na mai tabarau ne, Ɓale na doguwar nan mai waƙar coci, Wule na wadda ke kuka idan an fito jarrabawa. Suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce tsohuwa ta daɗe tana kwashe kayan mutane daga bakin famfo.

Ba na cewa mugunta suka yi. Wanda bai san wurin ba, ya ga tsohuwa mai tabarma ɗaya da tulin bokitai, zai iya tunanin haka. Suka ɗora kayan a mota. Dada ba ta yi kuka ba, ba ta yi musu ba. Duk bokitin da aka ɗaga sai leɓenta ya motsa, tana kiran sunansa. Daga nan suka miƙa mata tabarmarta da ƙwaryarta, suka raka ta babbar ƙofa, suka ce kada a sake ganinta.

Na huɗu, laifina.

Wannan ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Kafin su fara lodi, shugaban masu gadin ya juyo wurinmu, ni da masu shara biyu da muke tsaye, ya tambaya ko akwai wanda zai shaida cewa ajiya aka ba ta. Har ya dube ni. Na san komai. Na san mai tabarau, na san doguwar, ni ke kai musu masa. Amma bakina ya yi nauyi, na tuna kaskon Umma yana bakin ƙofarsu, za su iya tashinta, na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Ya jira kaɗan, ya ce to ba shaida ke nan.

Da za ta wuce ta gabana, Dada ta karɓi masar daga hannuna, ta ce in gaida Umma, in yi sauri kada in jiƙe. Ko kallon tuhuma ba ta yi mini ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka shaidar da aka nema ranar, ga ta yau. Ta makara, amma gaskiya ce, kuma zan iya maimaita ta a gaban duk wanda ka ce.

Na biyar, abin da ɗalibai suka yi da aka dawo.

Sun zo karɓar kayansu suka tarar an share barandar, an yi wa bangon fenti. Ba sanarwa, ba wanda ya yi musu bayani. Sai magana ta juya. Wasu suka fara cewa tsohuwa ta sayar da kayansu ta gudu. Na ji wata da Dada ta riƙe wa risho shekara biyu tana cewa dama ita ba ta taɓa yarda da ita ba. Wasu suka sa hotonta a waya da alamar kuka, kwana biyu, suka sayi sababbin bokitai. Ban ga laifinsu sosai ba, lacca ta fara, kowa da abin da ke gabansa.

Amma akwai waɗanda ba su haƙura ba. Anti Rifkatu, ita ce doguwar mai waƙar coci, da ƙawarta Yaya Maryam mai tabarau, duk ranar da ba su da lacca da yamma sukan hau keke napep su shiga gari nemanta. Sun zaga kasuwar Yelwa, sun shiga lungunan Gwallaga, sun tambayi masu tallar nono. Wata ta ce ta ga mai kama da ita a inuwar wani masallaci, da suka je ba kowa. Ita Anti Rifkatu na fara gaya wa abin da na yi. Na zata za ta yi mini faɗa. Sai ta ce to, tunda bakin ya ƙi, hannun ya yi, wato in rubuta.

Kayan suna nan, ranka ya daɗe. Suna cikin sito a bayan ofishin masu gadi. Na leƙa ta taga, na ga ƙyallayen har yanzu a ɗaure.

Ga abin da nake roƙo, cikin ladabi.

Ɗaya, a buɗe siton a kira ɗalibai, amma kada a kwance ƙulli ko ɗaya kafin masu kayan su zo. Kowace za ta gane nata, ta faɗi da bakinta cewa ita ta kai. Ba sai an yarda da maganata ba.

Biyu, a manna sanarwa a allon masauki da hatimin ofishinka cewa Dada ba ta saci komai ba, ba ta kuma gudu da kayan kowa ba. Wannan shi ne babba a wurina. Ba ta da gida, ba ta da dangi a kusa. Amanar nan ita kaɗai aka san ta da ita, ita kuma aka raba ta da ita a gabana.

Uku, idan Allah ya sa aka same ta, a duba ko za a bar ta ta koma inda take. Na san jami'a tana da doka, na san ba gidan kowa ba ce, kuma akwai maganar tsaro da ta fi ƙarfin saninna. Idan barandar ba za ta yiwu ba, ku manya kun fi ni sanin inda za a ajiye tsohuwa ɗaya ba a jefa ta titi ba. Kuma don Allah kada a hukunta masu gadin, a dai gaya musu. Kada kuma abin ya shafi Ummata, ba ta san na rubuta ba sai da na gama.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka zuri'a, ya sa idan tsufa ya zo maka ya same ka a cikin naka, da masu cewa sun san ka.

Abu ɗaya ya rage. Da nake rubuta roƙo na uku, sai na lura duk cikinmu, ni da ɗalibai da masu gadi, ba wanda ya taɓa tambayar Dada abin da ita take so. Wataƙila bayan abin da aka yi mata ba ta son dawowa. Umma ta yarda ranar Asabar mai zuwa in bi su Anti Rifkatu nemanta. Idan muka gan ta, zan fara ba ta haƙuri, sannan in tambaye ta, kuma wannan karon zan ɗaga kaina. Ina neman izininka in sake rubuto maka amsar da ta ba ni, yadda ta faɗe ta, ko da ba ita ce wadda ni ko kai muke so mu ji ba.

Wassalam.

'Yarka,
Hauwa'u, 'yar mai masa.