Rago Mai Ido Guda

Wurno, Litinin, 5 ga Agusta, 1957

Zuwa ga uwargida Hassana, a Goronyo.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗanmu Mu'azu da mai jego Ruƙayyatu. Ya ruwa, ya hidima? Isa mai albasa ya iso yau da hantsi da albishir, ya ce namiji ne, kuma an sauka lafiya. Alhamdu lillahi. Hular da ke kaina na cire na ba shi tukuici, na dawo gida kai babu hula, ina dariya ni kaɗai kan hanya.

Mu'azu, tun da kai za ka karanta mata, karanta duka, kada ka tsallake komi. Da hannuna na rubuta, ajin yamma bai tafi banza ba. Ka shaida wa angon nata na ji labari, tun bai buɗe ido ba ya ƙwace mini mata.

Kurkunun ƙafata bai gama fita ba, don haka ba ni samun zuwa suna ranar Lahadi. Wanga abu ya tsaya mini a rai. Amma ragon suna nawa ne, kada kowa ya rigaye ni. Na ɗingisa har kasuwa na saye shi hannun Shittu, wanda muke zama tare ƙofar masallaci. Fari ne mai baƙin wuya, shina ɗaure jikin katanga. Hadari ya taso, Shittu na gaggawa, munka yi ciniki, ya ce ya sallama, na ce Allah shi sa albarka. Isa zai taho muku da shi ran Jumma'a.

Gida ya yi shiru, Hassana. Maƙwabta na aiko tuwo, amma ba da wanda zan yi gardamar gishiri.

A shafa mini kan jinjiri.

Naki,
Mode

Wurno, Laraba, 7 ga Agusta, 1957

Zuwa ga Hassana.

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mai jego da ta ɗan baƙonmu. Allah shi sa ruwan wanka bai wahalshe ki ba.

Labarina ba daɗi. Da yake ba kowa gida, nakan ja tabarma gindin rumbu in zauna kusa da ragon, ina ba shi dusa, ina ba shi labarin jikana. Can na lura, in na zo mishi ta dama sai shi ɗaga kai, in na zo ta hagu ba shi motsi sai ya ji ƙafata. Na kaɗa ganyen wake dab da idon hagun, ko ƙiftawa bai yi ba. Idon garau yake ga mai kallo, amma ba shi gani. Sai na tuna wancan gefen ne ke jikin katanga ranar ciniki.

Liman ya ce mini ba a yanka mai ido guda ga suna. Na tafi wurin Shittu cikin sirri, na roƙe shi ya musanya mini. Ya ce mi nika so da shi, an sallama an sa albarka, ciniki ya ƙare, da idona na gani. Ya faɗi haka da ƙarfi gaban mutane. Wasu sunka ce in yi haƙuri in yanka hakanan, wa zai leƙa idon rago a Goronyo. Ni na sani, kuma Wanda za a yanka dominSa ya sani. Ba ni fara wa yaron nan rayuwa da abin da anka ɓoye.

Shekara talatin muna zama da Shittu, ban taɓa kai ƙarar mutum ba. Da kina nan da kin gaya mini abin yi. Na tambayi ragon, bai ce komi ba. Gobe zan hau jaki zuwa gaban alƙali.

Ki yi mini addu'a.

Mode

Wurno, Jumma'a, 9 ga Agusta, 1957

Zuwa ga Hassana.

Gaisuwa da fatan kun kwana lafiya, babba da yaro. Ga Isa nan da takarda, ga kuma rago. Ja ne, ba shi kai na farko kyau ba, amma na gwada idanunsa duka biyu har sau uku, na duba haƙora da kofato.

Ga yadda anka yi. Na fara biyawa wurin malamin dabbobi na En'e. Ya buɗe idon, ya ce tsohon ciwo ne, ya fi wata shida, ya rubuta a takarda. Gaban alƙali ni na karanta ta da bakina, a hankali, ina bin ta da yatsa, ba wanda ya katse ni. Alƙali ya ce wa Shittu ya rantse bai san da ciwon ba. Shittu ya sunkuyar da kai, bai rantse ba.

Alƙali ya yi bayanin da nika so Mu'azu ya riƙe. Ya ce wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani. In ya ɓoye, mai saye na da hakkin mayar da kaya, ko dabba ce ko tufa ko hatsi, kuma cewa an sallama ba ta rufe abin da anka ɓoye. Amma in an gaya maka, ka gani ka yarda, to naka ne. Ya umurci Shittu ya ba ni lafiyayye daga garkensa, kuma kada ya sake sayar da farin sai ya bayyana idon.

Na samu hakkina, amma ban yi murna ba. Jiya da la'asar Shittu ya ɗauke buzunsa ya koma ɗaya gefen masallaci. Na dawo gida, gindin rumbu babu kowa, jan ragon kuma baƙo ne mai tafiya.

Kada ki yi faɗa. Yau da safe na koma wurin Shittu na ce ina son farin. Ya ce mini, kamar yadda anka umurce shi, ragon ba shi gani da hagu. Na ce na sani, na yarda. Ya rage mini kuɗin, ya kama igiyar ya rako ni har ƙofar gida saboda ƙafata. Bai shigo ba, ban kuma matsa mishi ba.

Ranar Lahadi da safe, sa'ad da kuke raɗa suna, ni da farin muna gindin rumbu. Ku aiko mini da sunan a rubuce, in karanta da kaina. Ki gama kwana arba'in ɗinki lafiya, amma kada ki ƙara ko ɗaya.

Ina gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Mode