Kada Ku Kira Mama Ranar Sunanta

Sanok, 24 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Witold,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ku lafiya, kai da Jolanta da ɗanmu Kamil, ya kuma sauƙaƙa maka aikin tashar jirgin ruwa a wannan sanyi na Bergen. Mu nan muna lafiya. Ƙanƙara ta fara sauka, gwiwar maigidana Ludwik ta motsa kamar kullum, kuma duk gidan ba wanda ya kai shi murna, don ya sami hujjar barin faskare. Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, ni da rabona da sayen kan sarki tun kana soja.

Wata biyu kana kiran wayar Mama ba a ɗauka, kana tambayata ina ce maka layi ne. Ba layi ba ne, kuma ba fushi take yi don ba ku zo hutun bana ba. Ita ce ta sa na rantse ba zan faɗa ba. Shekaranjiya ta sake ni, ta ce in rubuta maka, amma kada in mayar da ita sakarya a takarda.

A watan Satumba, da rana tsaka, waya ta yi ƙara tana kicin. Wani ya fashe da kuka yana cewa, Kaka, ni ne. Ita da bakinta ta ba shi sunan Kamil. Ya ce ya kaɗe mutum da mota, za a kulle shi in ba a kawo kuɗi yanzu ba, kuma don Allah kada babansa ya ji. Bayan awa ɗaya wani ya zo ƙofa, ta miƙa masa kuɗin jana'izarta da take ɓoyewa cikin zannuwan gado. Kwana uku ta yi ba ta ci abin kirki ba, tana addu'a. Ran na huɗu Kamil na gaskiya ya kira yana dariya, yana tambayar yadda ake kwaɓa fulawar pierogi, abincin nan da take yi masa. Ta kashe wayar, ta cire ta, ta naɗe ta cikin tawul ta tura ƙasan kabad. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kuɗin ba su dame ta ba, Witold. Ta ce ko da kuɗi ko babu, ba za mu bar gawarta a kan tebur ba mu binne ba. Abin da ke cinta shi ne yaron da ta goya, a ce ba ta gane muryarsa ba. Ta daina zuwa coci don kada mata su nuna ta, in aka ƙwanƙwasa ƙofa ba ta zuwa buɗewa. Na ji tsoro ƙwarai, fiye da lokacin jinyar Baba.

Da muka kai ƙara, 'yar sandan da ta rubuta bayani ta ba ni adireshin wata cibiya da ke taimaka wa waɗanda aka zalunta, har da ganin likitar damuwa, ba ka biyan ko zuloti ɗaya. Ka san uwarka. Ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, kuma a shekara tamanin da ɗaya ba za ta fara cin sadaka ba. Sau biyu na karɓo rana, sau biyu ta kwanta da ciwon kai. Ludwik ne ya warware, yana cin miyarta yana gunaguni. Ya ce wace sadaka, ai asusun daga tarar da kotu ke cin masu laifi ake tara shi, kuɗin ɓarayi ne. Mama ta ajiye ludayi ta tambaya ko da gaske ɓarayi ke biya. Da na ce haka ne, sai ta ce in goge mata baƙar rigarta, za ta je ta sha musu shayi har sai sun talauce.

Yanzu kowace Talata muna zuwa wajen likitar damuwar, Malama Renata. Mama ta ce yarinyar ba ta da nama a jiki, amma tana da kunne. Ban san abin da suke faɗa ba, a waje nake zama. Na dai ga wayar ta fito daga tawul. Sati biyu ke nan tana kirana daga ɗakinta ina kicin, ta tambaye ni ko na sa gishiri, ta ajiye. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga roƙona. Kada ka aiko da kuɗi, kada kuma ka kira da faɗa. Tara ga Disamba ranar sunanta ce, wato ranar tunawa da waliyyiya Leokadia da aka sa mata sunanta, kuma na san kun saba kira tun da safe ku rera mata waƙa. Bana kada ku kira. Ƙarar wayar ce har yanzu ba ta iya jurewa. Sun shirya da Malama Renata cewa Mama ce za ta kira, da ƙarfe biyu, bayan mun dawo daga coci, in ta yarda ta je. Kamil take so ya ɗauka. Ka zaunar da shi ka gaya masa komai, ka nuna masa ba shi da laifi. Mai yiwuwa ta yi shiru a layi. Ya bar ta, ya yi ta numfashi kawai, ko ya sake tambayar kwaɓin pierogi. Komai daɗewar shirun, kada ya ce, Kaka, ni ne.

Ka gai da Jolanta, ka ce safar ulun ta iso. Ka gai da Kamil da kyau. Ludwik na gaishe ku daga kan kujerarsa. Mama ba ta ce in gaishe ku ba, ta ce ita za ta yi da kanta. Jiya na ga ta rubuta lambar Kamil a jikin kalanda da manyan lambobi, ta bi kowace da biro sau biyu.

Taka yayarka,
Danuta