Murfi Biyu a Tankin Feshi

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Babayo Yalwa, mai kai maganin feshin gona daga ƙasar Sin zuwa Kano, nake rubuta wannan da hannuna a ɗakina na Sanyuanli, cikin birnin Guangzhou. Jiki ya gaza, likita kuma bai ɓoye mini komai ba, amma hankalina garau yake, babu wanda ya tilasta mini. Zuwa gare ku 'ya'yana, Ghali da Najiba, da mahaifiyarku Hajiya Rekiya.

1. Dukiya a raba ta yadda Allah Ya raba. Ban sa baki ba, ku ma kada ku sa. Inda rai ya yi halinsa nan za a rufe ni, kada a wahalar da gawata a jirgi.

2. Ghali, kwali shida na maganin tsutsar tumatir da suka rage a shagonmu na Kano, masu tsohon rubutu, kada ka sayar da ko kwalba ɗaya sai an liƙa musu sabuwar takarda. Ka san dalili, amma zan rubuta don jikokina su ji daga gare ni.

Shekara goma sha shida ina juya gargaɗin da ke jikin kwalba daga Sinanci da Turanci zuwa Hausa, da boko da ajami. Manomin Kura ba ruwansa da mililita, da murfin kwalba yake awo. Sai na rubuta masa abin da ya sani: murfi biyu a tankin feshi ɗaya. Na daɗe ina tinƙaho da wannan dabara. Bara masana'antar da ke yin maganin ta canza kwalba, murfin ya kusa ninka na da, ni kuwa tsohon gwani ban buɗe ko ɗaya na duba ba. Malam Ango, manomin da ya fi kowa yarda da rubutuna, ya bi shi sak. Tumatirinsa ya ƙone, shi kuma ya yi kwana tara a asibiti yana amai da jiri.

Najiba, da ke karatun aikin gona a jami'a a nan, ita ta ɗauko sirinji ta auna murafan biyu a gabana. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A lokacin akwai kwantena guda na wannan magani a sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Nansha, saura kwana uku a kai shi jirgi. Na tsayar da shi. Mako bakwai muka yi ana ɓare takarda ana liƙa wata, ana ɗaura wa kowace kwalba ƙoƙon awo a wuya. Shekaranjiya aka gama ta ƙarshe. Jiya kuma saƙon muryar Malam Ango ya iso, ya ce ya yafe mini duniya da lahira, har yana tsokanata wai tsufa ya kama Ɗan Sin. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhun masara daga ka. Na ci tuwo na nemi ƙari, abin da na yi wata biyu ban yi ba.

3. Littafina mai baƙin bango, inda na tara kalmomin gargaɗi, a bar shi hannun Najiba. Amana ce, ba gado ba. Wani Baturke maƙwabcina a titin Huanshi Lu, mai irin wannan aiki daga Turanci zuwa yarensu, shi ya koya mini ajiye shi, Allah Ya saka masa. Najiba, inda aka ce guba ki rubuta guba, kada ki sassauta don kaya su shiga. Kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka ki sa su da manyan baƙaƙe. Ki faɗa ƙarara cewa jarkar magani ba ta komawa ta ruwan sha ko ta man gyaɗa, komai wankinta, don Basine bai san muna haka ba, ba zai rubuta ba. Kafin a buga komai, a karanta wa manomin da bai yi boko ba, ya maimaita abin da ya fahimta. In kuma laoban, mai masana'anta, ya rantse babu abin da ya canza, ki gode masa, ki buɗe kwalbar ki auna.

4. Gabar da ke tsakaninku ta ƙare daga yau. Ghali, kana fushi da ƙanwarka wai ta jawo mana asarar kasuwar rani. Ni na tsayar da kayan, ba ita ba. Ka ce za ka riƙa gargaɗin masu saye da baki. Ɗana, bakinka ba zai bi kowace kwalba gona ba. Ke ma Najiba, kina da gaskiya, amma harshenki irin nawa ne. Ki kira yayanki ki gaishe shi.

5. Malam Ango ku riƙe shi kamar baffanku. Duk sallah a je Kura a gaishe shi.

Rekiya, kin yi haƙuri da mijin da ya fi zama a Sin. Ki yafe mini.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku da haram, Ya ba ku masu yi muku biyayya. Ku haɗa kanku, kada kasuwa ta raba ku. Na ji tsoron in tsaya gaban Ubangijina da ran manomi a wuyana, Ya kuma tausaya mini Ya sauke. Don Allah kada ku mayar mini da shi bayan na kwanta.

Mahaifinku,
Babayo Yalwa