Allurar Motar Baffa

Litinin, 8 ga Yuli 2024
Baffa Idi ya kawo taksinsa garejinmu da ke unguwar New Bell, nan Douala. Wai agogon gudu ya mutu, allura ba ta motsi. "Usaidu, duba min kwantar ɗin nan, kai ne mai ilimin waya." Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, da wannan tsohuwar motar ya ciyar da mu. Da wane baki zan ce ina da aiki a gaba? Na ture motar wani ɗan unguwar Bonapriso gefe na shiga ƙarƙashin tasa. Ruwan saman New Bell ya cika ramin da muke shiga ƙarƙashin mota, na fito jagab.

Talata, 9 ga Yuli
Na kwance kaftar, ɗan abin nan na jikin giya mai aika wa allura saƙo. Na wanke, na gwada da mita. Lafiya lau. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ko tsatsa babu. Na ƙi jinin aikin lalube.

Laraba, 10 ga Yuli
Na fita da motar ni kaɗai har unguwar Ndokoti. Allura tana tashi tana sauka yadda ya kamata. Na ce masa ta gyaru. Ban gyara komai ba fa.

Juma'a, 12 ga Yuli
Ya dawo bayan masallaci ransa a ɓace. "Kai ma ka koyi aikin ha'inci ne?" Na shiga gefensa na ce ya ja mu gani. A hanyar unguwar Village allura ta haura sittin, ina kallonta da idona. Ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa sitiyari, ya ce, "Voilà, ka gani? Tana kwance."
Na ce e. Wallahi e na ce.
Wajen dawowa saura ƙiris ya kwashe wata mata mai tallan ayaba. Ya hau zagin 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, wai sun cika gari da baburansu. Babu babur ko ɗaya a wurin.

Asabar, 13 ga Yuli
Na kasa aiki.

Litinin, 15 ga Yuli
Na je wurin matarsa, Inna Iyatu. Ashe ta san idonsa ne ya lalace. Tun azumi yake zuba shayi a gefen kofi. 'Yarsu ta kai shi asibiti, aka ce suga ne ya ci idon, kuma ba ya dawowa. Shi ko ya rantse duk wanda ya sake tayar da zancen ya bar masa gida. Ta ce, "In aka raba shi da motar nan ba zai kai baɗi ba." Na ce, in ya take ɗan wani fa, Inna? Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Tausayinsu ya kama ni, haushinsu ma ya kama ni. Ni waya kaɗai na iya.

Alhamis, 18 ga Yuli
Na shirya yi masa maganar idon tun daga gida. Ya iso, ya dafa kafaɗata, yana ba abokan aikina labarin yadda ya koya min tuƙi a unguwar PK 14 ina kuka. Kowa dariya. Na taya su, maganar ta bi ruwa.

Asabar, 20 ga Yuli
Ya bar min motar, wai in natsu in sake dubawa. Akwai wani kaftar a gindin inji, in babu shi mota ba ta tashi. Na zare shi. Da ya zo ya yi ta murɗa makulli har batir ya gaji. Na ce irin nata ya ƙare a Douala, sai an aiko daga waje.
"Yaushe?"
Na ce sai dai mu jira, Baffa.
Ya daɗe yana shafa rufin motar, sannan ya ce in lulluɓe ta da tamfol saboda ruwa. Wajen tsallaka titi na riƙe masa hannu, bai ƙwace ba. Allah ka yafe min.

Laraba, 31 ga Yuli
Ya zo yau ma. Ya daina tambayar kaftar. Ya zauna a kujerar direba, ƙofa a buɗe, har la'asar. Na sa mun tura motar ƙarƙashin rumfa, ta fi inuwa.