Tayar da Za Ta Kai Ni

Zuwa ga maigidana, Baban Gimbiya,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya gajiya, yaya kuma ciwon bayan nan da kake ɓoye mini? Mu nan lafiya ƙalau. Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Tunda madatsar ruwan da kuke ginawa ta zaɓi inda waya ba ta shiga, ga ni na koma biro da takarda kamar 'yar makaranta, direban kamfaninku ya zama ɗan aikena.

Rabin takardarka a kan mota ya ƙare, don haka bari in fara da ita. 'Yar jif ɗinka tana nan, da ita nake zuwa kantin magani kullum. Ran nan na faɗa wani rami kusa da asibiti, tayar gaba ta yi ƙulu a gefe. Mai faci ya ce wannan ba ta facuwa, sauran ukun ma sun sha jiki. Kwantar da hankalinka, rim ɗinka na alminiyo da tayar ke zaune a kai ko ƙwarzane bai yi ba. Na san abin da zuciyarka ke tambaya ke nan, kai da kake durƙusawa kana wanke su da buroshin haƙori, ni ina tsaye da jaka ina jiran ka kai ni aiki. A da haushi abin yake ba ni. Yanzu idan na fito da safe na ga wurin durƙusonka babu kowa, sai in ji da ma in sake makara saboda kai.

Na je wajen mai sayar da taya, dattijon nan mai gilashi a goshi. Ni da nake karanta rubutun likitoci, ai lambar taya ba za ta gagare ni ba. Ya nuna mini 225/50 R18 a jikin taka: ta farko faɗin taya, ta biyu tsayin gefenta, ta ƙarshe girman rim. Sannan ya buɗe ƙofar direba, ya nuna mini 'yar takardar da masu ƙera motar suka liƙa. Ashe da 215/65 R16 ta zo duniya, kai ne ka yi mata kwalliya da babban rim da siririyar taya.

Na tambaye shi ko irin taka za ta iya hanyar duwatsu da gargada, kamar wadda ta nufi wajenku. Dariya ya yi, ya ce ba ta da naman da za ta kare rim, dutse ɗaya ya ishe ta. Tambaya kawai na yi.

Gimbiya ta fara tafiya, tana dafa bango tana faɗuwa. Ina kewarka ƙwarai.

Taka har kullum,
Maman Gimbiya


Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ruwan da aka ce ana yi muku bai hana ku sakat ba, kuma kana shafa maganin da na aiko. Takardarka ta iso, na karanta har ta fara yagewa a ninki.

Na ji umarni: in sayi irin tayar da ka bari, kada a taɓa rim, kada ma in yi mafarkin kama hanyar nan, hutu ya kusa. Ranka ya daɗe, hutun nan tun Gimbiya tana rarrafe yake kusa. Ban ce laifinka ba ne, na san ba kai ke raba shi ba.

Ƙanenka, sarkin dabara, ya zo ya ce shi zai raba gardama. Wai a bar rim ɗinka, a ɗora masa taya mai tsayin gefe, 225/65, ka samu kwalliyarka, ni in samu nama. Dattijo ya girgiza kai, amma ya bari aka gwada guda ɗaya a gaba. Ina murɗa sitiyari zuwa ƙarshe sai muka ji gurrr, tayar tana gugar jikin mota. Ya ce ko da ba ta guga ba, agogon gudu zai riƙa yi mini ƙarya, ina gudu yana cewa a hankali nake tafiya, domin taya da rim idan an haɗa dole tsayinsu ya tsaya kusa da wanda motar ta zo da shi. Rim ya ƙaru, gefen taya ya ragu. Ana son gefe, sai rim ya sauka. Taura biyu ba ta taunuwa. Ƙanenka ya tuna yana da wani uzuri, ya sulale ko sallama babu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Gimbiya ta yi maganarta ta farko, kuma Baba ta ce. Na so a ce labarin daɗi kawai zan ba ka. Kullum da safe idan na ɗauko ta nakan ce mata ga motar Baba, mu gaida motar Baba. Shekaranjiya ta zame daga hannuna, ta taka da kanta har rumfar mota, ta dafa rim ɗin gaba inda take ganin fuskarta, ta ce Baba. Ta sake faɗa, har da sumba. Mama ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya ta. Da na shiga ɗaki na ɗauko hotonka na nuna mata, sai ta ture shi ta nufi ƙofa. A nan dariyata ta ƙare.

Ba na so 'yarka ta girma tana gaida ƙarfe. Ban sayi tayar ba tukuna.

Matarka mai begenka,
Maman Gimbiya


Baban Gimbiya,

Sallama da gaisuwa irin ta mai ƙauna. Ina fata jiki da sauƙi, aiki kuma yana tafiya. Direbanku ya gaya mini an sake ɗaga hutun, ya ce ka kasa rubuto mini wannan labarin da hannunka. Ban yi fushi ba.

Na saɓa maka, kuma gara ka ji daga bakina. An cire rim ɗinka. Dattijo ya karɓe su, ya ba ni masu inci sha shida, su ma alminiyo ne, amma na hannu, launin toka, ɗaya har da tabo. Kafin ya ɗaura sai da ya gwada ya ga ramukan ƙusa sun dace, birki kuma ya samu wurin zama. Ya sa mata 215/65 mai kaurin gefe, har da ta ko-ta-kwana, duka iri ɗaya. Na murɗa sitiyari hagu da dama, shiru kake ji. Na koma ramin asibitin nan da gangan, ta haye shi ko a jikinta.

Kafin in kai masa rim ɗinka, na ɗauko buroshinka na durƙusa inda kake durƙusawa, na wanke su ɗaya bayan ɗaya. Ban san akwai lunguna da yawa haka a jikinsu ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, domin kamar hannunka nake wankewa in bayar. Idan za ka yi faɗa, ka tara shi, ina so in ji shi da kunnena.

Na ɗauki hutu a kanti. Ranar da direbanku zai komo da kaya zan bi bayansa, ya yi alkawarin ba zai yi gudu ba. Mama za ta zauna a baya da jikarta. Ita ce ma ta ce zumunci a ƙafa yake, tunda an yi wa mota sabbin ƙafafu, zaman me muke yi?

Da na dawo da motar gida, Gimbiya ta taho da saurinta kamar kullum. Ta dafa sabon rim, ta leƙa, ba ta ga fuskarta ba. Ta zagaya ta duba na baya. Sai ta juya tana kallon ƙofar gida. Tun ranar ba ta sake faɗin kalmar ba, ta rasa wanda za ta kira da ita.

Don haka idan ka hango wata jif mai dusassun ƙafafu tana hawowa bayan motar kamfani, kada ka kau da kai, taka ce. Ka wanke fuska, ka cire hular aikin nan, ka durƙusa daidai tsayinta kamar yadda kake yi wa rim. Sauran ni zan koya mata a hanya.

Sai mun iso.

Taka,
Maman Gimbiya