Na Rina Likkafanin Kakata Ya Zama Ruwan Kanal

Assalamu alaikum, mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a zage ni a bari na kai ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni kafinta ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kuma ni ke haɗa kayan wasa a ƙungiyarmu ta wasan daɓe. Bindigar katako, gemun auduga, kan saniya na kwali, duk aikina ne. Bana da rani muka shirya wasa a kan yaran da ke faɗawa kanal, wato hanyar ruwan noman rani, idan an sako ruwa, don abin ya yi mana ɓarna. Komai na haɗa, har gadar katako, sai ruwan ya gagare ni. Leda ƙara take yi, tabarma ba ta motsi. Shugabanmu ya ce, "Malam, ba ruwa ba wasa. Ka nemo yadi mai tsawo, mutum biyu su riƙe suna kaɗawa."

Kakata ce ta raine ni, Hajiya muke ce mata, ni kuma angonta take kirana. Na je aron tsofaffin kwanuka da fitilar ƙwai, ta miƙo mini mukullin adakarta ta ce, "Ɗebi tarkacenka, ango marar cefane, amma kar ka taɓa na ƙasa." Na ƙasan kuwa shi na taɓa. Farin yadi ne a naɗe, yana ƙanshin turare. Ba zan yi muku ƙarya ba, wallahi na san ko mene ne. Wa bai sani ba a gidanmu? Likkafani ne da suka saya a Makka ita da marigayi kakana, suka wanke da zamzam, suka raba biyu. Da rabinsa aka binne shi, nata rabin yana jiranta. Na ce a raina ai shimfiɗawa kawai za a yi, na ninke na mayar. Da na kai wajen gwaji aka ce fari bai yi kama da ruwa ba, aka yi ta mini tsiya wai na kawo kanal na nono. Zuciya ta ɗebe ni, ni da ba na son a raina aikina. Na tsoma shi a ruwan baba na rini da hannuna, ya koma shuɗi, na yayyanka bakinsa ya yi kamar igiyar ruwa. Wane irin shaiɗan ne ya hau kaina ranar? Daga baya na yanko alawayyo a kasuwar Kura, na turara, na ninke yadda na tarar, na tura ƙasan adaka.

Ranar wasa a filin firamare, Hajiya na sahun gaba a kan tabarma. Aka kaɗa yadin, ɗan wasa ya nutse a ciki, mata suka fashe da kuka. Da muka koma gida ta ce, "Kai ango, ruwan nan naka kamar gaske! Har sanyinsa na ji a jikina." Na yi dariyar yaƙe.

Tun daga nan ban sake samun sukuni ba. In na bi gefen kanal a kan babur ba ruwa nake gani ba, yadin nake gani yana tafiya. An kira mu mu maimaita wasan a Garun Malam na ce yadin ya ɓace, alhali yana cikin buhu a bayan katakai a shagona. Na wanke, na jiƙa da bilic, na shanya a ɓoye, ya ƙi komawa fari. Ya dai koɗe, kuma yankan da na yi masa ba ya ɗinkuwa. Na tambayi wani malami a kaikaice, ya ce kowane farin yadi mai tsarki ya isar. To na ji, amma amanar fa?

Yanzu Hajiya tana kwance, idonta ya yi rauni, abinci sai an matsa mata. Shekaranjiya da hantsi ta ce na ciro mata na ƙasan adaka. Na ɗora mata alawayyon Kura a cinya. Ta shafa, ta kai hanci, ta sake shafawa, har na ce asirina ya tonu. Sai ta yi murmushi ta ce, "Ka ji, har yau zamzam bai sake shi ba. Malam kakanka ya tafi da nasa, ni ma zan je masa da irin kayansa." Ta kama hannuna ta ce, "Ba na so ya bi ta hannun kowa. Kai za ka miƙa wa masu wanka." Na ce to, Hajiya. To kawai na iya cewa, na fita bayan ɗaki na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Jama'a, ina tsoro. In na faɗa mata, na ƙwace abu ɗaya da take kallon tafiyarta da shi cikin natsuwa, wataƙila ma baƙin cikin ya ƙarasa ta. In na yi shiru, da hannuna zan miƙa ƙarya a naɗe ta, kuma damar neman gafararta ta wuce har abada. Yau da safe ma ta tambaye ni ko na mayar da shi wurinsa da kyau, kar asu ya ci.

Don girman Allah ku ba ni shawara tun tana jin magana. Me zan yi?